Tambayar Yaran Whitwell: Yaya Miliyan Shida Take?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A wannan makon ina so mu ɗan yi nisa, mu leƙa wani ƙaramin gari da ake kira Whitwell a jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Gari ne na talakawa, tsofaffin ma'aikatan haƙar kwal, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, kusan dukkansu fararen fata ne Kiristoci, kuma da wuya ka sami yaron garin da ya taɓa zama da Bayahude. A shekarar 1998 shugabar ƙaramar sakandaren garin, wata mata mai suna Linda Hooper, ta ga cewa yaranta suna tasowa ba su san kowa ba sai irinsu, sai ta nemi a ɓullo da wani darasi na bayan an tashi makaranta, wanda zai nuna masu inda ƙiyayyar wanda ba naka ba take kai mutane. Mataimakinta David Smith da wata malama Sandra Roberts suka ɗauki nauyin abin, suka zaɓi tarihin kisan ƙare dangi da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawan Turai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ana cikin darasin, malamai suka ce mutum miliyan 6 aka kashe. Yaran, 'yan shekara 13 zuwa 14, suka ce su fa ba su gane ba, domin ba su taɓa ganin miliyan shida na komai ba. Yaya take? Wannan tambayar ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin akwai izina a cikinta ga duk wanda yake da ƙane ko ɗalibi a hannunsa.

Na san tun daga nan wani ɗan uwa ya fara ɓata rai, yana cewa ina ruwanmu da kukan Yahudawa alhali ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Ka yi haƙuri, ɗan uwa, ban manta da kai ba, zan zo kan maganarka. Amma ka bari mu fara sanin abin da ya faru tukuna, domin ba a yanke hukunci kafin a ji ƙara.

Hitler ya hau mulki a watan Janairun 1933. Bai fara da kisa ba. Ran 1 ga Afrilun wannan shekarar aka ce kada kowa ya sayi kaya a kantunan Yahudawa. Aka bi da korarsu daga aikin gwamnati. A 1935 aka kafa dokokin Nuremberg waɗanda suka raba su da haƙƙin ɗan ƙasa, suka kuma haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. A daren 9 ga Nuwamban 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu, aka farfashe kantunansu, aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 aka tattara Yahudawan ƙasar Folan aka cusa su cikin unguwanni killatattu, inda yunwa da cuta suka yi ta ɗibarsu. Da sojan Jamus suka shiga Tarayyar Sobiyet a 1941 aka fara harbe su a bakin ramuka. A wani kwari da ake kira Babi Yar kusa da birnin Kiev, an harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba, kuma makasan ne da kansu suka rubuta wannan adadin suka aika wa manyansu. Ran 20 ga Janairun 1942 manyan jami'an gwamnati suka zauna a wani gida a Wannsee, gefen birnin Berlin, suka tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a kwaso Yahudawan Turai duka. Daga nan sai jiragen ƙasa da ɗakunan iskar gas mai guba, a Treblinka, Sobibor, Belzec, Chelmno, Majdanek da Auschwitz. A Auschwitz kaɗai an kashe kimanin mutum miliyan 1.1, wajen miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa. A cikin miliyan shidan nan, yara sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi.

Ka lura da kyau, ɗan uwa: daga hana ciniki zuwa ɗakin gas shekara tara ce kawai. Kuma ƙasar da ta aikata wannan, ƙasa ce ta jami'o'i da likitoci da injiniyoyi. Ashe ke nan boko kaɗai bai hana mutum zama dabba.

To, mu koma Whitwell. Yaran suka yanke shawarar tara wani abu ƙarami har guda miliyan 6 domin su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji. Suka zaɓi kilif, wato ɗan ƙarfen nan da ake maƙale takardu da shi a ofis, saboda sun karanta cewa mutanen ƙasar Norwe sun riƙa maƙala shi a wuyan rigunansu don nuna ƙin mamayar Jamus. Suka shiga rubuta wasiƙu suna roƙon a aiko masu. Da fari abin yana tafiyar hawainiya. Sai wasu 'yan jarida biyu Jamusawa, mata da miji, Peter da Dagmar Schroeder, waɗanda suke aiki a birnin Washington, suka ji labarin suka yaɗa shi a jaridun Jamus. A 2001 jaridar Washington Post ta buga, gidajen talabijin suka ɗauka, sai kilif ya fara zuwa buhu-buhu daga ko'ina a duniya, har ya haura miliyan 30, tare da dubban wasiƙu. Wasu wasiƙun daga waɗanda suka tsira daga sansanonin suka fito, mutum ya aiko da kilif ɗaya don uwarsa, ɗaya don ƙanwarsa, ya rubuta sunayensu. Wasu kuma daga 'ya'yan sojojin Jamus. Yaran da iyayensu da kakanninsu su ne suka zauna suna ƙirgawa suna karanta wasiƙun suna adanawa. Daga baya 'yan jaridan nan suka nemo wani tsohon taragon jirgin ƙasa na Jamus, irin wanda aka yi jigilar mutane da shi zuwa sansanoni, aka ɗauko shi ta teku aka girke shi a harabar makarantar. Ran 9 ga Nuwamban 2001 aka buɗe shi, an zuba kilif miliyan 11 a ciki, kuma ɗaliban makarantar aka ɗora wa aikin zagayawa da baƙi suna yi masu bayani.

Ra'ayina a nan a fili yake. Malaman nan sun dace da ba su amsa tambayar yaran da baki ba. Da sun ga dama sai su ce ku rubuta, miliyan shida, za ta fito a jarrabawa. Yaro ya haddace, ya amayar a takarda, ya manta. Amma yaron da ya kwashe watanni yana ƙirga kilif har yatsunsa suka yi ciwo, ya gane abin da lissafi yake nufi. Kai ma gwada: in za ka ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kwana 69 kafin ka kai miliyan 6. In kuwa za ka yi wa kowane mutum ɗaya shiru na minti guda, sai ka shekara 11 ba ka buɗe baki ba.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Su kansu 'yan Nazi da yara suka fara. A 1938 kamfanin ɗab'i na Julius Streicher, mai jaridar nan ta zagin Yahudawa, ya fitar da littafin yara mai hotuna wanda yake kamanta Bayahude da naman kaza mai dafi, wanda a ido yake kama da mai kyau amma in ka ci ka mutu. Aka cusa wa yara wannan a aji, ba tambaya ba musu, malam ya faɗa ka karɓa. Yaran da suka karanta irin wannan suna shekara goma sha, kafin yaƙi ya ƙare sun isa ɗaukar bindiga. Streicher bai taɓa riƙe wani sansani ba, amma kotun Nuremberg ta rataye shi a 1946 saboda abin da alƙalaminsa ya shuka. Saboda haka in aka zo koya wa yaro tarihin wannan ta'asa ta hanyar karɓi ka haddace, an faɗa masa gaskiya, amma an bar shi da ɗabi'ar da aka yi amfani da ita wajen halaka wancan yaron na Jamus, wato yarda da duk abin da babba ya faɗa. Gobe in wani mai zaƙin baki ya zo da akasin haka, haka nan zai karɓa. Yaron da aka koya wa tambayar wa ya faɗa, yaushe, ina takardar, shi ne zai yi wuyar sha'ani ga maƙaryaci.

Sai dai kuma gaskiya ɗaci gare ta, aikin Whitwell yana da nasa kurakuran, kuma kurakuran ma darasi ne. Na farko, yaran sun ɗauka wani mutumin Norwe mai suna Johan Vaaler ne ya ƙago kilif. Vaaler ya yi rajistar wani samfuri nasa a Jamus da Amurka wajen shekarar 1900, amma kilif ɗin da duniya take amfani da shi ya riga nasa, a Ingila aka fara yin sa. Sa'annan mutanen Norwe sun sa kilif ne don nuna haɗin kansu a kan mamaya, ba don Yahudawa musamman ba. Hasali ma da yaran sun ƙara tonawa da sun ga cewa 'yan sandan Norwe ne suka bi gida-gida suka kama Yahudawan ƙasar a 1942, aka tura fiye da 700 zuwa hannun Jamusawa, kaɗan ne suka dawo, har firaministan ƙasar Jens Stoltenberg ya fito ya nemi gafara a 2012.

Na biyu, adadin nan na miliyan 11 da aka zuba a tarago. Lissafin shi ne Yahudawa miliyan 6 da waɗanda ba Yahudawa ba miliyan 5. Manyan masana wannan tarihin, irin su Yehuda Bauer da Deborah Lipstadt, sun bayyana cewa miliyan biyar ɗin nan ba ta da tushe a takardu. Simon Wiesenthal, wanda ya shahara da farautar 'yan Nazi bayan yaƙi, shi ne ya yaɗa ta don ya jawo hankalin waɗanda ba Yahudawa ba. Lissafin gaskiya daban yake: fursunonin yaƙi na sojan Sobiyet kaɗai da suka mutu a hannun Jamusawa sun kai wajen miliyan 3, ga fararen hula na Folan da Sobiyet miliyoyi, ga ƙabilar Roma aƙalla 250,000, ga naƙasassu da masu taɓin hankali fiye da 200,000 waɗanda likitoci suka kashe. Ka ga ke nan mutum mai kyakkyawar niyya ma yakan yi ƙari, kuma ƙarin ya shiga har cikin ginin tunawa. Abin lura shi ne, waɗanda suka bankaɗo kuskuren Yahudawa ne su ma, kuma masana ne waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan tarihin. Haka ilimi yake, yana gyara kansa ko da gyaran bai yi wa mai shi daɗi ba.

Na uku, kilif dai ƙarfe ne, ba shi da suna ba shi da uwa. Azzaluman nan abin da suka yi ke nan, suka mai da mutane lamba, har a Auschwitz suna yi wa fursuna zanen lamba a hannu. In darasi ya tsaya ga tara abubuwa, yaro zai san yawa amma bai san ko mutum ɗaya ba. Abin da ya ceci aikin Whitwell, a ganina, wasiƙun nan ne masu ɗauke da sunaye.

Shi ya sa na fi son wani aikin da aka yi a ƙasar Jafan. A shekarar 1999 wata mata mai suna Fumiko Ishioka, wadda take riƙe da wata ƙaramar cibiyar koyar da wannan tarihin a birnin Tokiyo, ta roƙi gidan tarihi na Auschwitz ya ara mata wasu kayan yara. Cikin abin da aka aiko har da wani akwati, an rubuta a jikinsa da farin fenti: Hana Brady, 16 ga Mayu 1931, da kalmar Jamusanci mai nufin marainiya. Yaran da suke zuwa cibiyar suka dame ta da tambaya, wace ce Hana, ina ta fito, me ya same ta? Sai ta shiga rubuta wasiƙu zuwa gidajen tarihi, har ta taka da ƙafarta zuwa Terezin a ƙasar Cek, inda aka fara tsare yarinyar a 1942. A jerin sunayen waɗanda aka tura Auschwitz ta ga sunan Hana, an kashe ta a watan Oktoban 1944 tana da shekara 13. A kusa da sunanta kuma ga wani Brady wanda babu alamar mutuwa a gabansa. Aka bi sawu, ashe yayanta ne George, yana raye a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A 2001 ya zo Tokiyo ya tsaya a gaban akwatin ƙanwarsa, yaran Jafan suna kewaye da shi. Kuma ka ji wani abin: daga baya, da aka gwada akwatin da wani tsohon hoto, sai aka gano kwaikwayonsa ne gidan tarihin ya yi, na asalin ya ƙone a wata gobara a Ingila a 1984. Ba a ɓoye ba, an faɗa wa duniya.

Irin wannan binciken a yau bai gagari yaro ba. Cibiyar Yad Vashem ta tattara sunayen kimanin mutum miliyan 5 daga cikin waɗanda aka kashe. Ma'ajiyar takardu ta Arolsen a Jamus tana da takardu wajen miliyan 30 da suka shafi mutum kimanin miliyan 17 da rabi, kuma a 2020 ta buɗe wa jama'a, har da 'yan makaranta, damar karanta katunan fursunoni suna shigar da sunayen cikin kwamfuta. A garuruwan Turai kuma akwai 'yan duwatsun tagulla da wani mai zane, Gunter Demnig, ya fara dasawa tun shekarun 1990 a ƙofar gidan da mutum ya zauna kafin a kama shi. Sun haura 100,000 a 2023, kuma sau da yawa ɗaliban makarantar unguwar ne suke tono tarihin mai sunan kafin a dasa.

Akwai masu cewa ɗan shekara goma sha uku ya yi ƙanƙanta da wannan labarin. A jihar Tennessee ɗin nan dai, a watan Janairun 2022, hukumar ilimi ta gundumar McMinn ta cire littafin Maus na Art Spiegelman daga karatun yara masu wannan shekarun, wai saboda wasu kalmomin ashar da wani zane na tsiraici. Na yarda ba a zube wa yaro hotunan gawawwaki don a gigita shi, kuma masana koyarwa sun yi gargaɗi a kan wasan kwaikwayon da ake raba aji a ce waɗannan su ne masu gadi waɗancan fursunoni, domin yana mai da bala'i abin wasa. Amma Hana shekararta 13 aka tura ta ɗakin gas. In ba ta yi ƙanƙanta da kisa ba, tsararta bai yi ƙanƙanta da sanin sunanta ba. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an bari, sakamakon a bayyane yake: wani binciken jin ra'ayi da aka yi a Amurka a 2020 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na matasan da ba su kai shekara 40 ba, ba su san cewa miliyan 6 aka kashe ba.

Yanzu na zo gare ka, ɗan uwa mai cewa ina ruwanmu. Maganarka kashi biyu ce. Wani yana cewa abin ma bai faru ba, ƙage ne. Wani kuma yana cewa ya faru, amma ana fakewa da shi ana zaluntar Falasɗinawa.

Ga na farko, amsarsa tana cikin takardun makasan. A watan Janairun 1943 wani hafsan Jamus mai suna Hermann Höfle ya aika wa manyansa waya, 'yan leƙen asirin Ingila suka tare ta, ta kwanta a ma'ajiyar takardunsu har sai shekarar 2000 aka gano ta. A ciki ya lissafa mutanen da aka kai sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942: 1,274,166. Hukumar jiragen ƙasa ta Jamus kuwa kuɗin mota take karɓa a kan kowane mutum da aka ɗauka zuwa halaka, gwargwadon nisan tafiya, yaro ɗan ƙasa da shekara goma rabin kuɗi, ɗan ƙasa da shekara huɗu kyauta. Masanin tarihi Raul Hilberg ne ya tono wannan daga takardun hukumar. Sa'annan babban mai musun abin a Ingila, David Irving, shi da kansa ya kai Deborah Lipstadt ƙara a kotun London yana cewa ta ɓata masa suna. Aka bi littattafansa shafi-shafi ana gwada su da takardun da ya ce daga nan ya ɗauko, a watan Afrilun 2000 alƙali ya yanke cewa da gangan yake murɗe hujjoji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kai da kake cewa kana tare da gaskiya, me zai kai ka rungumar ƙaryar da masu bautar launin fata suka ƙago, mutanen da a ma'auninsu kai baƙar fata ba ka ma cika mutum ba? Sojan Jamus ɗin nan ne a watan Yunin 1940 suka ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi, bayan sun miƙa wuya, suka harbe su a Chasselay da wasu wurare.

Ga na biyu kuwa, ina tare da kai a kan cewa an kori Falasɗinawa fiye da 700,000 daga gidajensu a 1948, kuma azabar da aka yi wa wani ba ta zama lasisin azabtar da wani. Amma ka gaya mani, Hana da aka kashe a 1944, wane gida ta ƙwace a 1948? Jariran da aka jefa a ramin Babi Yar, wace gona suka mamaye? Ba a ɗora wa wani laifin wani. Wanda ya ce duk Bayahude ɗaya ne, da jariri da soja, da na jiya da na yau, to ya ɗauki ma'aunin Streicher ke nan, kuma da wannan ma'aunin ne aka yanka Musulmin Bosniya maza fiye da 8,000 a Srebrenica a 1995, da shi aka kashe 'yan Tutsi a Ruwanda a 1994. Mai kukan zalunci in ya musanta zaluncin da aka yi wa wani, ya raunana nasa kukan, domin masu sauraro za su ce ashe ba zaluncin yake ƙi ba, wanda aka yi wa ne yake dubawa.

Kuma in yaranmu suka yi binciken da kansu za su ga abin da zai ɗaga kansu da wanda zai sunkuyar da shi. Za su ga Muhammad Hilmi, likita Bamisre haifaffen Khartum, wanda ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya mai suna Anna Boros a birnin Berlin tun 1942 har yaƙi ya ƙare, a ƙarƙashin hancin 'yan sandan ciki. Za su ga Selahattin Ülkümen, ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rodos, wanda a 1944 ya tsaya kai da fata ya ƙwato wajen mutum 50 daga hannun kwamandan Jamus. Za su ga Derviš Korkut na birnin Sarayebo, wanda ya ɓoye wata yarinya a gidansa ya kuma tserar da wani tsohon littafin addu'o'in Yahudawa daga hannun 'yan Nazi. Za su ga ƙasar Albaniya, mai rinjayen Musulmi, wadda Yahudawan cikinta a ƙarshen yaƙi sun fi na farkonsa yawa, saboda mutanenta sun ƙi miƙa baƙinsu. Amma za su kuma ga Muftin Ƙudus, Alhaji Amin al-Husaini, yana zaune da Hitler a Berlin a watan Nuwamban 1941, ya kuma yi wa Jamus farfaganda a rediyo. Wannan ma tarihi ne, ba a yage shafinsa. Haka yaran Amurka za su ga cewa a taron Evian na 1938 ƙasashe 32 suka zauna a kan 'yan gudun hijirar Yahudawa kusan dukkansu suka rufe ƙofa, kuma a 1939 ƙasarsu ta mai da jirgin ruwa na St. Louis da fasinja fiye da 900 zuwa Turai, inda 254 daga cikinsu suka halaka. Bincike ba ya barin kowa da farin kaya tas, shi ya sa masu mulki da masu son a bi su ido rufe ba su cika ƙaunarsa ba.

To, me ya rage gare mu? Da yawa daga cikinku kuna koyar da ƙananan yara, wasu a aji, wasu a zaure, wasu ƙannensu ne a gida. Ku ɗauki hanyar, ku bar kurakuran. Ku ba yaro suna ɗaya ya bi sawunsa: ina aka haife shi, wace doka ce ta fara shafar gidansu, wa ya sa hannu a dokar, maƙwabta me suka yi ranar da aka zo kamu? Ku sa shi ya kawo maku hujja biyu a kan kowace magana, ya kuma faɗi inda ya samo ta. In ya zo da adadi ku tambaye shi wa ya ƙirga. In ya kama ku da kuskure ku yi masa godiya a gaban sa'o'insa. Kuma yaƙin nan bai tsallake mu ba: dubban kakanninmu an kwashe su zuwa Boma sun yi wa Ingila yaƙi da Jafan, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu suna nan, lambobin yabonsu da takardun sallamarsu suna cikin tsofaffin akwatuna. Ku tura yara su je su tambaya, su rubuta, kafin wannan ma ya bi iska.

Babban abin da nake so yaro ya fito da shi daga wannan karatun shi ne sanin matakin farko. Ba a wayi gari an ga tarago a tasha ba. An fara ne da laƙabi, da raha a kan wata ƙabila, da jita-jitar da babu mai tambayar tushenta, da cewa kada a sayi kayan su wane. Mu ma nan mun sha ganin yadda magana ɗaya ta an ce, ka ce, take tayar da gari a ƙona shagon mutumin da jiya ya ba ka bashi, kuma galibi samari irinku ake turawa gaba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka zo maka da labari mai zafi ana cewa tashi mu je, ka tuna da yaran Whitwell, ka tsaya ka yi tambaya tukuna.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum.